Yatsan Tsakiya na Baba Kuang

Da hantsi suka je suka ɗauko Baba Kuang mai magani daga shagonsa, ko takalmi ba su bari ya sa ba. 'Yan dako biyu ne, ɗaya ya shaƙe wuyan rigarsa, ɗaya ya rungumi akwatin magani, suka gangara da shi doguwar matakalar bakin kogi ta birnin Chongqing. In tsohon ya yi tuntuɓe, da gwiwa ake ɗago shi.

A rumfar buhunan gishiri Dai Tieshan yake jira. Shi ne shugaban 'yan dakon tashar, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ta farko da baki, ta biyu da gorar dakonsa mai zoben ƙarfe a kai. Ƙanensa Shuigen yana kwance kan buhuna, ya yi fari fat, gumi mai sanyi na tsattsafo masa. Rumfar duk warin giyar magani.

"Baba Kuang, ga ƙanena," in ji Tieshan. "Yaran tashar ƙasa suka tare shi. Tashe shi."

Ya zaro wuƙar saran ƙashi ya kafa ta a kan katako. "Da yatsu uku kake cin abinci, ko? In ya mutu, ukun nan nawa ne."

Kuang ya durƙusa a gefen Shuigen. Shekara arba'in yana ɗora yatsun nan na hannun dama a kan tsintsiyar hannun mutane, kowane da abin da yake saurara a cikin bugun jijiya. Na tsakiya shi ne sarkinsu: a hannun hagun majiyyaci hanta yake ji, a na dama saifa. Ya kama hannun daman Shuigen ya danna. Jijiyar ta yi faɗi a sama, ciki ba komai, kamar ganyen albasa. Ya duba leɓe, ƙofar saifa, ya ga ba ɗigon ja. Sannan ya yaye rigar. A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ga shatar duka doguwa, a ƙarshenta ga tambarin zobe ya fito raɗau. Kuang ya saci kallon gorar da ke jingine da bango, ya mayar da rigar.

"Me kuka ba shi?"

"Giyar targaɗe, kwano uku. Da hannuna na murza masa wurin. Ai ko jariri ya san jinin da ya kwanta korar sa ake yi."

"Wannan ba kwanciya ya yi ba, Babban Yaya, gudu yake. Saifa ce shingen da ke tsare jini a hanyarsa. Shingen ya fashe, kai kuma ka bi shi da bulala. Ba ni da ganyen da zai ɗinke wannan. A ƙetara da shi asibiti su tsaga shi, yanzu, kafin jirgin fito ya tashi."

Marin da ya sauka a kuncin Kuang sai da ya zubar da shi kan buhu. Ya tofa haƙori ɗaya a tafinsa ya duba.

"A farke cikin ɗan uwata kamar na alade?" in ji Tieshan. "Iskar ransa ta fice, su yanke masa wani abu, ya je gaban kakanni da rami a ciki? Allura da ganye na kira ka ka yi, tsohon banza."

Wani ɗan dako mai furfura ya ce, "Babban Yaya, ko dai a ji ta tsohon..." Bai ƙarasa ba gorar ta same shi a kunne. Ya durƙushe yana tare jini da hula. Sauran suka sunkuyar da kai.

Kuang yana ƙasa yana tunani. Fushi a hanta yake zaune, hanta kuwa itace ce, ba a lallashin itace. Ƙarfe ne ke sare ta, ƙarfen jiki kuma huhu ne, gidan baƙin ciki. Ke nan baƙin ciki ne kaɗai zai karya fushin Tieshan. Malaminsa ya koya masa wannan, amma bai gaya masa abin da za a yi in mai fushin yana riƙe da wuƙa ba. Ya dubi leɓen Shuigen, ya ji jirgin fito ya yi ƙugin farko.

Da Tieshan ya sunkuyo ya cakumo shi, sai tsohon ya cafke hannunsa na hagu ya ɗora yatsu.

"Ji nan, kamar tsarkiyar baka. Hantarka ta hau kanka tun safe." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaran tashar ƙasa ba sa sa wa gorarsu zobe. A duk bakin kogin nan gora ɗaya ce mai zobe. Ku yaye rigarsa ku gani."

Ba wanda ya motsa. Jijiyoyin wuyan Tieshan suka tashi. Ya fizgi hannun tsohon ya buga a kan katako, ya taka tsintsiyar da ƙafa, ya zare wuƙar. Kuang ya yi ƙoƙarin dunƙule hannu, amma na tsakiya ya fi sauran tsawo, bai gama shiga ba. Sara ɗaya. Yatsan ya yi tsalle ya faɗa cikin gishiri, jini ya yi tsartuwa har kan wandon Tieshan.

Tsohon ya yi gurnani, ya cusa hannun a hammata, amma bai yi shiru ba.

"Saura biyu, ɗauka. Ba za su mayar masa da jini ba. Shekarar ambaliya da uwarku ta rasu, a bayanka ka goyo yaron nan ka kawo min shi, kana kuka kana cewa kai ne uwarsa yanzu. Ga aikin uwar tasa."

Tieshan ya sake ɗaga wuƙar. Sai murya ta fito daga kan buhuna, siririya kamar zare.

"Yaya, bar shi. Santsi ne ya kwashe ni a matakala. Ba wanda ya dake ni."

Wuƙar ta tsaya a sama. Tieshan ya dubi ƙanensa, wanda yake mutuwa kuma yana yi masa ƙarya don rufa masa asiri. Kafaɗunsa suka saki. Wani irin kuka ya fito masa daga ƙirji, mara daɗin ji, kamar an yanka bijimi. Ya yar da wuƙar, ya ɓalle ƙyauren rumfar da kafaɗa, aka ɗora Shuigen a kai. Shi da kansa ya riƙe gaba, yana gudu a matakala yana zagin mai jirgi ya tsaya.

Mai furfurar nan, da kunnensa a fashe, shi ya barbaɗa wa Kuang garin tsayar da jini daga akwatin maganin, ya ɗaure da tsumma.

Shuigen bai mutu ba. Likitoci sun cire saifar gaba ɗaya sun jefar. Littattafan Kuang sun ce in ba saifa abinci ba ya zama nama, amma ga Shuigen nan yana tashi da kwano uku na taliya mai barkono, har ya yi tumbi. Kuang ya duba shi da hannun hagu, wanda yake ji kamar kunnen da aka cusa wa auduga, ya ce shi dai bai gane ba, kuma ba zai yi ƙaryar ya gane ba.

Tieshan kuwa duk wata sai ya hau matakalar ya zauna a shagon, ya miƙa hannu ba ya kallon dungun yatsan. Kuang yakan haɗa masa maganin sanyaya hanta, ya zaɓi saiwar da ta fi kowacce ɗaci.

"Baba, ba mai sauƙin sha?"

"Akwai," in ji Kuang, ya ƙara masa cokali ɗaya.