Galan Biyu na Neman Aure

A Soweto kowa ya san Baba Molefi yana ji da jar motarsa ta wasan juyi a fili kamar ransa. Shi ya sa da Lwazi ya zo neman 'yarsa Dineo, galan biyu na man giyar mota ya riƙo.

Tsohon ya buɗe na farko ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Wannan mai warin ruɓaɓɓen ƙwan fa?"

"Na aksul ɗin baya ne, Baba. In ya shiga giyar hannu, cinye tagullar ciki zai yi. Ga nata nan daban."

Baba Molefi ya kwashe da dariya. "Dineo, zubo masa nama! Sakaran da ya zo neman aurenki bara galan ɗaya ya kawo wa giya da aksul duka."