Kira Uku a Bakin Ƙofa

Tun ranar da aka ƙirga ƙuri'u, abinci ya daina shigar Phua Kim Leng. Mutum arba'in da uku ne masu cin Jibin Ubangiji a ikilisiyar Parit Bakau, talatin da takwas suka rubuta sunansa ya zama dattijon majami'a. Shekara shida majami'ar tana ƙarƙashin ta Batu Pahat, daga can ake aiko dattawa a mota in za a yi baftisma ko sasanta rigima. Yanzu an ce sun isa su tsaya da ƙafarsu, su zaɓi dattawa biyu da dikinoni uku. Dikin aikinsa kula da kwanon rufin da ke yoyo da marasa lafiya. Dattijo kuwa shi ke zama da Fasto ya tambayi mutum abin da ya baro kafin a zuba masa ruwa a ka.

Abin da Kim Leng ya ce ya baro, bai baro ba. Kafin baftismarsa ya hura wuta a bakin gaɓa a gaban mutane, ya jefa kaskon turare da hoton gunkin murhu, da wani abu nannaɗe a jan ƙyalle da ya ce allon marigayi mahaifinsa ne, irin wanda ake rubuta sunan mamaci a kai ana kunna masa turare. Katakon akwatin kifi ne. Allon gaskiya, mai sunan tsohon da ruwan zinariya, yana kwance a ƙarƙashin akwatin shinkafa, cikin wani ɓoyayyen gindi. Mahaifiyarsa ce ta riƙe masa ƙafa tana kuka, ta ce in ya ƙona sunan mijinta, ita ya ƙona. Kafintan da ya yi gindin kuwa mijin yayarsa ne, Kho Eng Chuan. Shi ma ya shiga majami'a daga baya, shi ma ya tsaya neman dattijo, ya tashi da ƙuri'a goma sha ɗaya.

Ga kuma doka: bayan zaɓe ana karanta sunaye Lahadi uku, duk wanda ya san aibun wani ya kawo da shaida. Ranar naɗi kuma magatakarda zai fita bakin ƙofa ya yi kira sau uku. In ba wanda ya amsa, sai a ɗora hannu.

Ran Asabar da safe Kim Leng yana baza ƙananan kifi a kan tabarmin shanya, sai ga Eng Chuan da fensir a kunne.

"Ranka ya daɗe, Dattijo! A durƙusa ne ko a tsaye ma ya wadatar?"

"Haba Yaya, ka bari. Ba a naɗa ba tukuna."

"Ai kamar an yi. Talatin da takwas fa! Ni da matata da 'ya'yana ma mu sha biyu ne, na tashi da sha ɗaya, akwai munafuki a gidana." Ya ɗauki kifi ɗaya ya gatsa ya tofar. "Gishiri ya yi yawa. Yaya akwatin shinkafar nan? Gara ba ta taɓa gindin ba?"

Kim Leng ya ci gaba da baza kifinsa. "Lafiya lau yake."

"Aikina ne ai, ba ya lalacewa. Gobe da wuri zan zo in zauna bakin ƙofa. Kunnena ya fara nauyi, ba na so kiran nan ya wuce ni."

Ya tafi yana fito. Wasa yake yi ko gaske, Kim Leng bai sani ba. Haka Eng Chuan yake magana ko a wurin jana'iza.

Da rana ya kwashe shinkafar a daro, ya sa wuƙa ya ɗaga gindin. Matarsa Siew Geok ta rufe taga, ta ƙara gawayi a murhu.

"Saka shi, maigida. In Yaya ya yi magana gobe, su zo su duba, ba komai sai shinkafa."

Ya riƙe allon a kan wuta har gashin hannunsa ya fara ƙauri. Yana kallon sunan. Tsohon da ya koya masa ɗaurin koma, wanda ko hoto bai bari ba, wannan ne kaɗai abin da ya rage nasa.

"Itace ne kawai," in ji ta.

"In itace ne, karɓi ki saka."

Ta mai da hannayenta baya. Ya janye allon.

Ba tonon asirin kaɗai yake tsoro ba. Ya taɓa ganin naɗi a Batu Pahat. Mutum ya durƙusa, tsofaffi su kewaye shi, hannu a kan hannu a bisa kansa, a kira sunan Allah. Yana ji a jikinsa cewa in ya durƙusa da wannan ƙarya, ba zai tashi daidai ba. Wani abu zai sami ko shi, ko jirginsa na kamun kifi, ko wani a gidansa.

Da safe ya sa farar riga, ya cusa allon a jakar da yake ɗaukar littafin waƙoƙi. Ya yi niyyar sakin sa a teku daga kan gadar katako da ke kaiwa majami'a, ba ƙonawa ba ce, ruwa ya tafi da shi. Da ya isa tsakiyar gada sai ya tarar ruwa ya janye. Taɓo ne har iyakar gani, ƙaguwa na yawo. In ya saki, allon zai kwanta a fili, zinariyarsa na ƙyalli, duk mai wucewa ya karanta. Mutane kuma suna tafe a bayansa suna yi masa barka. Haka ya shiga majami'a da jakar, ya tura ta ƙarƙashin bencin gaba.

Majami'a ta cika har taga. Fasto Seah yana gaba, kusa da shi Dattijo Yeo, tsohon da ya zo daga Batu Pahat da sandarsa. Eng Chuan kuwa yana bakin ƙofa kamar yadda ya ce, yana fifita.

Bayan waƙa magatakarda ya tafi bakin ƙofa da takardarsa, ya karanta sunaye biyar, ya ɗaga murya.

"Duk wanda ya san wani aibu a halin mutanen nan ko bangaskiyarsu, ya fito yanzu!"

Shiru. Ba wanda ya fito.

Kira na biyu. Benci ya yi ƙara a baya. Ya waiga. Eng Chuan ya miƙe tsaye, ya gyara wando, ya dube shi ido cikin ido, ya sake zama.

Magatakarda ya buɗe baki a karo na uku, sai Kim Leng ya ga kansa a tsaye.

"Zauna, ɗan'uwa, ba a zo kanku ba," in ji Fasto a hankali.

"Ina da ƙara."

"A kan wa?"

"A kaina."

Magatakarda ya juya takardarsa gaba da baya, babu wannan a ciki. Ya ce, "Doka ta ce mai ƙara ya zo da shaida."

Kim Leng ya sunkuya ya fito da allon. Wata tsohuwa ta yi ihu. Waɗanda suka ga wutar bakin gaɓa suka dubi juna.

Aka shiga da shi ɗakin baya. Dattijo Yeo ya karɓi allon da hannu biyu, ya karanta sunan, ya ajiye a kan tebur.

"Kana kunna masa turare?"

"A'a, Baba. Goge ƙura kawai."

"Abinci fa?"

Wannan ko Eng Chuan bai sani ba. "Sau ɗaya. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, na ajiye masa shayi."

"To. Za ka ƙona shi yau a gaban jama'a?"

"Na gwada jiya, Baba. Hannuna ya ƙi."

Tsohon ya ce, "Ba zan ɗora maka hannu yau ba. Yaya za ka tambayi mai neman baftisma abin da ya baro? Amma daga teburin Ubangiji ban kore ka ba, sai majalisa ta zauna. Ka koma da shi gida, kada ka sake ɓoye shi. Wata shida zan dawo in sake tambayarka."

Mutum huɗu suka durƙusa ranar, ba biyar ba. Kim Leng ya koma bencin baya, allon a cinyarsa, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da shi. Siew Geok tana ɓangaren mata ta rufe fuska da hanki. Wurin zama ɗaya ne ya rage, kusa da Eng Chuan.

"Wawa," in ji Eng Chuan ƙasa-ƙasa. "Wa ya aike ka? Ƙafata ce ta yi tsami na miƙe."

"Da ba za ka faɗa ba?"

"In faɗa me? In ce ni na yi gindin? Yayarka ta kashe ni?" Ya matsa masa wuri. "Yanzu ga shi sai sun kira ni ni ma. Shege, ko ka sanar da ni in sa riga mai kyau."

A gaba tsofaffi sun kewaye mutanen huɗu, hannu a kan hannu. Kim Leng ya shafa kansa. Wata shida yake lissafawa, da murhun da ke jiransa a gida.