Zaton Farko

"Me kika sani kafin ki duba alƙaluman nan?" in ji Baba Malam, yana gyara robar iskar da ke hancinsa.

Na ce ban san komai ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta leƙo daga kicin tana hararata.

Maƙwabcinmu ne, ƙofa da ƙofa, tsohon malamin ƙididdiga a jami'a. Ni kuwa ungozoma ce, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan matan da jini ke ɓalle wa bayan haihuwa. Mai duba aikina ya ce matan da na tattara bayanansu sun yi kaɗan, ko in ƙara shekara ko in haƙura. Da na kai wa Baba Malam kukana, sai ya fara koya mini wata dabarar ƙididdiga da ake kira hanyar Bayes.

Ya ce, "Duk daɗewarki a ɗakin haihuwa ki ce ba ki san komai ba? Wannan sanin shi ne zatonki na farko. Rubuta shi, ki faɗi inda kika samo shi, sannan ki bar alƙaluman su gyara miki shi."

Kullum nakan shiga da kwamfutata, da farko a falo, daga baya a bakin gadonsa. In na yi kuskure ba ya magana, sai dai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon da farce. Ranar da sakamakon gwajinsa na asibiti ya fito, 'yarsa ta so ta ɓoye masa. Ya ce mata fuskarta ma hujja ce, ya riga ya gyara lissafinsa. Ta fice tana rufe baki da mayafi.

Wata safiya, kafin in tafi aiki, na kai masa sakamakon farko da ya fito daidai. Idonsa ya yi rauni, ya sa na karanta masa: ba da maganin tsayar da jini da wuri yana taimakawa, amma akwai sauran shakka.

"Kar ki ɓoye shakkar, 'yata," ya ce. "Rayukan mata ne."

Ya rasu da azahar, ina can ina karɓar haihuwa.

Bayan mutane sun watse na tarar da 'yarsa zaune a ƙasa tana ninke rigunansa. Na zauna, na kama mata. A aljihun wata tsohuwar riga muka sami guntun alli. Ta ɗora shi a tafinta, muna kallonsa.