Dutsen Baba Ya Rame

Da hantsi, ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, rana ta fara leƙowa, Baba mai washin wuƙa ya girke kekensa a bakin layi ya hau taka feda. Tun ɗazu yake fama da wuƙar mahauci, ta ƙi kaifi. A da, kafin ku gama gaisawa ya miƙo maka abarka. Yanzu sai ya jiƙe da gumi, tartsatsin ma da kyar yake fita.

Shi dai ya riga ya ɗora wa gwiwoyinsa laifi. Babban ɗansa ya daɗe yana cewa ya ajiye sana'ar ya huta, kuma Baba a ransa ya amince, ƙarshen wata zai jingine keken. Abin da zai riƙa yi da safiya bayan nan ne bai sani ba.

Maƙwabciyarsa, malamar fiziks a sakandare, ta tsaya gaishe shi za ta wuce makaranta. Ya faɗa mata tsufa ya kama shi a ƙafa. Ta ɗan tsaya tana kallon yadda yake takawa, sannan ta tambayi girman dutsen washin lokacin da ya saye shi. Ya ware hannu kamar faɗin faranti. Yanzu kuwa bai fi murfin kwano ba.

Ta ciro alli a jaka, ta ɗiga ɗigo ɗaya a bakin dutsen, ɗaya kusa da tsakiya, ta ce ya juya a hankali. Ɗigon biyu suka zagayo tare, amma na baki ya yi doguwar tafiya, na ciki kuwa yana ta rarrafe.

"Ka gani, Baba? Yawan juyin bai ragu ba, ƙafarka lafiyarta lau. Dutsen ne ya cinye, kowane zagaye hanyarsa ta gajarta, shi ya sa ba ya cin ƙarfe kamar da."

Baba ya dubi ɗigon allin. "Wato shi ne ya tsufa, ni nake shan zagi a gida?"

Ta yi dariya, ta ce ko ya nemi sabon dutse, ko mai gyaran keke ya sa masa ƙaramin wili inda bel yake jan dutsen, taku ɗaya ya riƙa ba shi zagaye da yawa. Ya yi ta sa mata albarka har ta sha kwana.

Ranar aka canja wilin. Da la'asar tartsatsi ya dawo har yana sa masu wucewa kaucewa. Da ɗan nasa ya sake tayar da maganar hutu, Baba ya ce a bari tukuna.

Washegari zai fita, ya ga fartanyar Malama jingine a ƙofar gidanta, bakinta ya dakushe. Ya girke keke ya wasa ta tas, ya mayar inda ya same ta, ya tura kekensa ya yi gaba.