Kukan da Bai Ji Ba

Ya sake danna maɓallin, ya karkatar da kai gefen dama kamar yadda ya saba, ya jira. 'Yar fitilar ta kawo, fankar ciki ta huro masa iska mai ɗumi a yatsa, amma fuskar kwamfutar tana nan baƙi ƙirin. Bai ji komai ba. Likita ya ɗago, ya cire tabarau, ya murza idanu.

Ba likitan mutane ba ne. Mai gyaran kwamfuta ne, masu shagunan benen da yake aiki ne suka laƙaba masa sunan tun zamanin da ɗaukar kwamfuta sai ƙato, saboda yadda yake kasa kunne a jikinta kafin ya taɓa sukudireba. Kwamfuta in ta kasa tashi ba ta yin shiru. Tana faɗin abin da ke damunta da wata 'yar siririyar ƙara, kowane kamfani da irin yarensa: wata gajeru a jere, wata doguwa ɗaya sannan gajeru. Shi kuwa ya haddace su tun kansa bai san furfura ba. Masu gyaran yanzu sai sun kwance na'ura kaca-kaca, sun leƙa waya, kafin su ce uffan. Shi ko tun mutum bai gama sallama ba ya faɗa masa ciwon kwamfutarsa. Abin da ke kawo masa mutane ke nan har wannan lungu na ƙarƙashin matakala, inda bango ɗaya ya raba shi da janaretan benen, wanda ke ruri daga safe har a tashi.

Mai kwamfutar wata malamar makaranta ce, tana tsaye rungume da jaka, don kujerar baƙi ɗaya ce a shagon kuma wata tsohuwar firinta ta daɗe da gaje ta. Tambayoyin jarrabawar ajinta na ciki, gobe ake son su.

"Malama, sai haƙuri," in ji shi. "Bod ne ya tafi."

Ya yi mata bayanin da bakinsa ya gaji da yi. Bod shi ne babban farantin da komai na cikin kwamfuta ke zaune a kansa. In wani ƙaramin abu ne ya lalace, bod ɗin ne ke yin ƙara ya sanar. In kuwa aka ji shiru, to mai sanarwar ne da kansa ya mutu, don mai rai ke kuka. Gyaransa ya kusa sayen sabuwa. Zai iya ciro mata takardunta, in tana so kuma ya sayi gangar jikin, ko wata rana ya amfana da wani ɓangare.

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar. "Wane shiru, Baba? Ai tun ɗazu take ƙara."

Ya yi murmushin da yake yi wa waɗanda suke zuwa su koya masa aikinsa, ya ce injin mai fotokwafi ne na maƙwabta take ji. Ta ce a'a, ta san ƙarar, da ita ta karya kumallo yau. Ya kashe, ya sake kunnawa, don dai ya huta da musu. Sai ta ɗora hannu a kan teburi ta fara buga farce: uku a jere, ta tsaya, uku a jere, ta tsaya.

Ya bi farcen nata da ido. Wanda bai san aikin ba ba zai ƙirƙiro wannan ba. A irin wannan kwamfuta uku a jere ram ne, ɗan siririn farantin nan na ƙwaƙwalwarta da ake zarewa da yatsa biyu. Ya sunkuya har kunnensa ya taɓa maɓallan rubutu. Ya ji gurnanin janareta ta bango, ya ji fiton nan da ya tare a cikin kunnensa tun bara, wanda ya ɗora wa hawan jini. Ban da su babu komai. Farcen malamar bai fasa bugawa ba.

Ya kifa kwamfutar, ya kwance murfin baya, ya zare ram ɗin, ya goge haƙoransa na tagulla da abin goge fensir, ya hure, ya mayar har ya ji ya zauna a yatsansa. Da ya danna, fuskar ta haskaka. Wani rubutu ya fito yana cewa an taɓa kayan ciki, a danna maɓalli a ci gaba. Ya danna. Hoton wasu yara cikin kayan makaranta ya cika fuskar.

Ya zaci za ta yi murna. Ta dai yi ajiyar zuciya, ta duba takardunta, ta rufe kwamfutar, ta sa a jaka. Sannan ta yi magana, ba da ɗaga murya ba, har sai da ya bi bakinta da ido.

"Da ban yi magana ba, da yanzu na tafi na bar maka ita a matsayin gawa. An faɗa mini haka kuke yi. Na ce ban da kai, saboda furfurarka."

Amsar tana bakinsa, ba ta fi kalma uku ba: ban ji ba. Amma mai fotokwafi ta riga ta fito bakin ƙofarta tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, ita kuwa abin da ta ji kafin azahar, hawa na uku ya ji kafin la'asar. Likita ya san benen nan kamar yunwar cikinsa. Mai gyaran da aka kama da cuta, kwana biyu ake tsokanarsa, a ce mai wayo ne, a ci gaba da kai masa aiki. Wanda aka ce kunnensa ya tafi kuwa, shi ke nan, sai dai a riƙa gaishe shi da girmamawa ana wucewa sama da kwamfutoci. Shi kuma ba shi da wani jari da ya wuce kunnen.

"Kuskure ne, Malama," ya ce. "Bar kuɗin gyaran."

Ba ta bari ba. Ta ajiye masa a kan teburi, nesa da hannunsa, ta fita. Mai fotokwafi ta leƙo tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce ashe Likita ma ya iya allurar da babu ciwo. Ya yi mata yaƙe. Wato ya zaɓi a kira shi ɓarawo, kuma abin da ya fi ba shi kunya shi ne sauƙin da ya ji da aka yarda.

Sauran yinin ya tafi a ja-ni-in-ja-ka. Ya canja wa wani caja, ya manna wa wata maɓallin da ya ɓalle. Shayin da ya aika aka kawo ya huce bai sha ba. Duk inda ya juya, idonsa sai ya koma kan kantar da ke bayansa, inda yake jibge waɗanda ya yanke wa hukuncin mutuwa. Da can sai a yi watanni bai ɗora ko ɗaya ba. Bana kantar har ta lanƙwasa. Ya zagi wutar lantarki a kan haka, ya zagi kamfanonin da suka daina yin kaya masu ƙarko, ya zagi mutanen da ke ɗora kwamfuta a kan katifa. Bai taɓa zargin kansa ba, kuma bai taɓa kwance ko ɗaya ya gwada ba, don gwaji aikin wanda bai iya ji ba ne.

Ya sauko da ta sama. A murfinta akwai salatif ɗin da yake liƙa wa kowace, da lambar wayar mai ita. Ya tuna mutumin sarai: wani direban motar haya ne, dattijo kamarsa, ya kawo ta a naɗe cikin tawul. Ta 'yarsa ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Da aka ce masa bod ne, sai ya ce to, yarinyar ta koma rubutu da hannu har Allah ya hore. Ya karɓi ɗan abin da aka ba shi na gangar jikin, ya yi ta godiya, wai gara wanda zai faɗa maka gaskiya da wanda zai yi ta tatsarka.

Likita ya jona ta, ya danna. Fitila ta kawo, fuska baƙa. Ya zare ram ya goge, ya sa wani, duk ɗaya. Ko dai da gaske ta mutu, ko tana nan tana faɗin wani abu dabam. Kunne ɗaya kawai yake buƙata na minti guda, amma duk faɗin benen nan babu wanda zai ara masa ba tare da ya haɗa da baki ba. Ya sa ta a jaka, ya ja ƙofa tun rana ba ta faɗi ba.

A bas ya sami kansa yana kallon leɓen kwandasta don ya san inda aka iso. Ya ga ashe ya daɗe yana haka bai lura ba. Jakar ta yi masa nauyi a cinya, ƙafafunsa na zugi, ya ji da za a bar shi da ya zarce da motar har inda ta ƙare.

Matarsa tana ninke wanki a falo lokacin da ya shiga. Ta amsa sallamarsa ba ta ɗago ba. Tun da babbarsu ta yi aure, autan kuma ya tafi makarantar kwana, gidan ya zama su biyu da talabijin, wanda shi yake ƙure wa murya ita kuma ta rage in ya tashi. Ta daɗe da daina yi masa magana daga kicin. A ganinta kunnen uwar shegu yake yi da ita, ya gaji da muryarta bayan shekarun nan duka, har ta kai ƙararsa wurin yayarta. Ya sani, ya ƙyale, don fushinta ya fi masa sauƙin ɗauka.

Ya kashe talabijin, ya ture wankin gefe, ya ɗora kwamfutar a kan teburi. "Maman yara, zo ki zauna ki ji mini wani abu."

"Yau kuma ni ake nema?"

Amma ta matso. Ya ce in ya danna ta saurara, in ta ji ƙara ta ƙirga. Ya danna, ya kafa mata ido. Ya ga kanta yana ɗan gyaɗawa, leɓenta na motsi.

"Biyar," in ji ta. "Ta tsaya. Ga shi ta sake, biyar."

Ya jingina da kujera. Biyar a irin wannan, ɗan batirin agogon ciki ne, wanda bai fi maɓallin riga girma ba. Yana da su cike da gwangwani a shago. Saboda shi 'yar mutane ta yi watanni tana rubutu da hannu.

"Kin tabbata?"

"Kai ba ka ji ba ne? Ai ko daga ƙofa sai a ji."

"Ban ji ba."

Ta buɗe baki za ta mayar masa da wata, sai ta ga fuskarsa, ta fasa. Rigar da ke hannunta ta sauka a cinyarta. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce bai sani ba, wataƙila tun bara. Ya faɗa mata na malamar, da na kantar, da na direban, a taƙaice, yana kallon teburi. Da za ta amsa, sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya gare shi, ta rarrabe kalmomin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wata nawa ina fushi da kai ni kaɗai, kana kallona. Da ka faɗa, ai da na huta."

Ya ce gaskiya ne. Ta ce gobe sai asibiti, ya ce sai dai jibi, gobe akwai kanta guda da ke jiransa, kuma tare za su je shagon, in ba za ta gaji ba. Ta ce gajiya kuma ta nawa.

Ya juyo da murfin kwamfutar wajen haske, ya kwashe lambar da ke jikin salatif ɗin a wayarsa. Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin kira. Direba mutum ne mai jama'a, abin da ya ji yau, tasha ta ji gobe, daga tasha kuwa zuwa benen ba nisa. Ya danna, ya buɗe lasifikar, ya tura wayar tsakiyar teburi.

"Ni zan yi magana," ya ce. "Ke ki riƙa faɗa mini abin da ya ce."

Suka zuba wa wayar ido. Can ta ɗaga yatsa, ta saurara, ta juyo gare shi.

"Ya ɗauka. Ya ce Likita ne da kansa? Wai yana mota, ka ɗaga murya, ba ya jinka sosai."

Likita ya gyara zama, ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya yi sallama.