Lambar Katin Yaya

Duk mai gwada manhaja yana da wata lamba da ya haddace, wadda yake fara bugawa kafin ya yarda abu yana aiki. Ita Auta, ma'aikaciyar adana bayanai a babban ofishin wasu asibitocin ƙoda guda huɗu, lambar katin yayanta take bugawa. Shekara biyu ke nan yana zuwa wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis a reshen da ke ƙarshen gari, kuma su biyu kaɗai suka rage a 'ya'yan mahaifiyarsu.

Manhajar ita ta haɗa ta da hannunta, ba don ta karanci kwamfuta ba. Irin waɗannan ne da ba sai ka iya rubuta yaren na'ura ba: ka jawo akwati ka ajiye nan, ka jawo maɓalli ka ajiye can, ka ce wannan ya nuna suna, wancan ya nuna ranar zuwa. Ma'aikatan jinya sun ji daɗinta ƙwarai. Aibinta ɗaya, ba ta san abin da ya faru yau ba. Sai bayan wata uku ake kwafo wa Auta jadawali daga babban rumbun bayanan asibitin, wanda ke can a intanet, a girgije in ji injiniyoyi. Ta loda, manhajar ta yi ta nuna wannan kwafin har wani ya iso. Auta ta san haka sarai. Amma kowace safiya, kafin ta ajiye jaka, sai ta buga lambar Yaya, ta ga an rubuta "yana zuwa" da koren rubutu, sannan hankalinta ya kwanta. Haka mutum yake, in yana son abu sai ya ruɗi kansa da idonsa biyu.

Wata Alhamis da safe aka turo injiniya, wani dogo mai surutun tsiya, wanda ba ya iya ɗaura waya ba tare da ya yi mata lacca ba. Ya zauna a kujerarta ba tare da an ce ya zauna ba, ya shiga bayani. Wai a girgijen akwai wata na'ura da aikinta kawai a jefa mata tambaya, ta tono rumbun ta miƙo amsa nan take. Zai sa mahaɗi tsakaninta da manhajar Auta, da mabuɗin da zai ba ta damar karantawa kaɗai, ban da gogewa. Daga yau babu sauran kwafi, abin da aka rubuta a reshe yanzu shi za a gani yanzu.

Suka duƙufa. Shi yana kiran sunayen layukan rumbun, ita tana haɗa kowanne da akwatinsa. Sau ɗaya kwanan wata ya fito a juye, wata a gurbin rana, har wani dattijo ya zama zai zo wanki a watan goma sha tara. Suka yi dariya suka gyara. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya miƙe ya ce ta gwada.

Ta buga lambar. Babu kore. "Ya dakatar," aka rubuta, zuwansa na ƙarshe kwana goma sha bakwai da suka wuce.

Dariya ta yi, ta ce masa mahaɗinsa da gyara, ya sake juya wani abu. Injiniya ya ji haushi, don an taɓa masa sana'a. Ya jawo kwamfutar gabansa, ya tsallake manhajarta gaba ɗaya, ya jefa tambayar kai tsaye. Amsar ba ta ɗauki daƙiƙa uku ba, kuma ta zo da ƙarin layi: mara lafiya ya sa hannu da kansa kan daina wanki, bayan likita ya yi masa cikakken bayani.

"Kin gani? Aikina ba ya ƙarya," in ji shi. Sai ya dubi fuskarta. "Wani naki ne?"

"Yayana ne."

Ya ture kwamfutar a hankali ya mayar gabanta.

Ba ta nemi izinin kowa ba ta fita. A cikin mota ta riƙa tuna yadda duk Litinin da Alhamis yake kiranta da yamma, ya ce ya dawo, jiki da sauƙi, kada ta wahalar da kanta da zuwa. Sau huɗu ya faɗa mata haka bai je ba.

A shagonsa na gyaran fanka ta same shi, a daidai lokacin da ya kamata yana kwance jikin injin wankin ƙoda. Yana naɗa jar waya a kan wani tsohon injin fanka, a hankali, yana tsayawa yana mai da numfashi. Ta zagaya bayan teburin, inda ba ta saba shiga ba, ta ga ƙafafunsa sun kumbura har ya tsaga bakin silifas da reza don su shiga. Da ya gan ta bai yi mamaki ba, ya ture akwatin kayan aiki da ƙafa don ta samu wurin zama.

Ta ƙi zama. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ambaci mahaifiyarsu, ta ce yanzu za ta kira reshe a ba shi inji ko na yamma ne. Ya bar ta har ta ƙare. Sannan ya nannaɗe hannun riga ya nuna mata: babu sauran jijiyar da ba a huda ba, saura ta wuya, kuma likita ya ce zuciyar ba lallai ta ɗauka ba. Awa huɗu a kwance, kwana biyu yana amai, ranar da ya fara jin shi mutum ne sai a ce gobe wanki.

"Na gaji, Auta. Ba mutuwa nake nema ba, ita ta san hanya. So nake in yi abin da ya rage a kan kujerata."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Yaya?"

"Da kin bar ni?" Ya ɗan yi murmushi. "Ke da bakinki kika riƙa yi mini ƙorafi cewa allonki sai bayan wata uku yake sanin gaskiya. Na jira har kika ce kin loda sabo, bayan kwana biyu na je na sa hannu. Na ce kafin wani kwafin ya iso an gama, ba sai kin yi ta kallona kina ƙirga kwanaki ba."

A nan ta zauna a kan akwatin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk hirar aikin da take kawo masa, wadda take zaton kunne kawai yake ba ta don ta huce, ashe yana saurare da kyau. Ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya, shi kuma ya ɗora mata hannu mai ƙaurin waya a ka. Bai ce zai koma ba, kuma ta san shi, in ya ce a'a sau ɗaya ba ya ƙarawa.

Washegari ta je aiki da kumburarrun idanu, don zama a gida ya gagare ta. Shugabar ma'aikatan jinya ta leƙo da fara'arta, ta ce sabon tsarin ya yi kyau, sai dai abu ɗaya. Tun da aka haɗa kai tsaye, sunayen waɗanda suka dakatar suna cakuɗuwa da na masu zuwa, har jiya an shirya inji ga mutumin da ba zai zo ba. Ko za ta cire su daga jerin?

Aikin bai kai na minti biyu ba. Auta ta jawo akwatin tacewa ta ajiye a saman jerin, ta zaɓi "masu zuwa kaɗai". Hannunta ya daɗe a kan maɓallin kafin ta danna. Jerin ya ɗan motsa, layuka bakwai suka fita, na ƙasa suka hau suka cike gurbinsu.

"Yauwa, yanzu ya yi tsaf," in ji shugabar. "Dama waɗannan cika mana wuri kawai suke yi."

"Haka ne," in ji Auta.