Gayya a Gonar Tanimu

Shekara ashirin da biyu Tanimu ya yi yana sharar ganye a gidan wani babban mutum a Abuja. Kullum da sassafe zai hau mota daga Suleja, ya sha cunkoso, ya isa ya ɗauki tsintsiya. Ganye ya faɗo ya share, wani ya faɗo ya share, aikin da ba mai lura da shi sai ranar da ba a yi ba. To, akwai wani lungu a bayan ɗakin janareta inda Madam, matar gidan, ba ta taɓa leƙawa, nan yake tura ganyen duk ranar da ƙiwa ta motsa. Ran nan 'yar wuƙarsa ta faɗa cikin tarin, ya tura hannu zai lalubo ta, sai ya ji sanyi. Ya damƙo ƙasa, ga ta baƙa wuluk, mai laushi, tana ƙamshin ruwan fari, alhali rabon da a ga hadari wata huɗu ke nan. Ya daɗe a tsugune yana shanshanawa, har maigadi ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

Da maigidan ya tashi daga Abuja aka sallami ma'aikata, Tanimu bai nemi wani aikin ba. Gonar mahaifinsu ya nufa, wadda ke kan hanyar Izom, gadonsa shi da yayansa Khamis. Gona dai sunanta gona, amma ta gaji. Shekara da shekaru ana ƙone ta, ana huɗa ta, ana watsa mata takin zamani, har ta zama ja jawur, ta yi tauri kamar daɓe. Ga shi damina ma ta sake hali: ta yi ta jan rai sai an fid da tsammani, sannan ta zo a fusace ta zubar da ruwan wata guda a wuni ɗaya. Ruwan ba ya shiga ƙasa, bi ta kai yake yi ya faɗa wani kwazazzabo da ke cin gefen gonar kaɗan-kaɗan.

Khamis ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, kuma ba ya son ganin abin da ba ya motsi. Ya riga ya yi magana da wani mai buga bulo, Onwuka, wanda ke son wurin ya kafa injinsa.

"Yaya, ka ba ni damina uku," in ji Tanimu. "In ban tashe ta ba, ni da kaina zan kai wa Onwuka takarda."

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana ban ruwan fulawa, kai za ka ta da mushe?" Khamis ya yi dariya. "To, je ka. Uku, ba huɗu ba."

Abin da Tanimu ya shiga yi, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a wannan yankin. Bai huɗa ba, bai ƙone ba, bai share ba. Ya yi girbin farko, wanda ko buhu ɗaya bai cika ba, ya kwantar da karan a inda suka tsaya. Ya samo tsohon amalanke yana bin gari: ɓawon gyaɗa wurin masu ƙuli-ƙuli, buntun shinkafa wurin masu inji, tuƙar rake da ɓawon lemo wurin masu talla a Gauraka. Duk ya kwaso ya shimfiɗa a gona. Fulani suka zo wucewa da shanu, maimakon ya kore su sai ya roƙe su su kwana uku a wurin. Duk tohon kalgo ko na ɗorawa da ya leƙo, sai ya kewaye shi da ƙaya ya bar shi. Lokacin shuka kuwa, ya buɗa shimfiɗar da yatsa, ya sara rami ɗaya da sungumi, ya jefa dawa da wake tare, ya mayar ya rufe.

Mutanenmu kuma ba su iya ganin abu su yi shiru ba. Kafin damina ta biyu an naɗa shi Sarkin Bola. Maƙwabcinsa na gona, Tanko, manomi ne na gaske wanda gonarsa in an share ta ko allura ta faɗi za ka gan ta, kuma abin yana damunsa har zuci.

"Malam Tanimu, wai ba ka jin kunya?" yakan ce ta kan iyaka. "Gonar namiji a gan ta fes. Wannan ai gidan macizai ka haɗa mana."

"Ana dafa abu a ƙasa, Tanko. Ba a buɗe tukunya."

"Allah ya sa mu ga tuwon."

Matarsa Nana ce kaɗai ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ita ma takan ce tun da aka yi aure ba ta taɓa jin mijin da ke dawowa gida yana warin tuƙar rake ba sai nata. Wata malamar gona da ta taɓa biyowa ta wurin ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce masa duk karan da bai ƙone ba, hayaƙi ne da ya hana shi tashi sama ya ƙara wa duniya zafi, ya adana shi a ƙasa ya zama abinci. Tanimu ya gyaɗa kai don ladabi. Shi dai abin da ya sani, ƙasa tana son a rufe ta.

Da rana ta take, yakan kishingiɗa a gindin tsohuwar ɗorawar da ke tsakiyar gonar, ya kara kunne a kan shimfiɗar. Wallahi yana jin motsi. Gara na ta ƙus-ƙus cikin kara, wani abu na jan jiki, wani na tauna. Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga kansa ya zama ƙanƙane, yana sauka ta ramin tana, hanya na lanƙwasa cikin sanyi da duhu mai daɗi. Can ƙasa akwai gari guda. Saiwoyi sun yi rumfa, ruwa na rataye a jikinsu ɗigo-ɗigo bai faɗi ba, kowa na aikinsa ba mai yi wa wani tsawa. Yakan farka da kara manne a kumatunsa, zuciyarsa fari ƙal. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ya san in Tanko ya ji, sarautar da za a ƙara masa ba ta bola ba ce.

Damina ta biyu ta ba shi buhu huɗu. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma idan ya tura hannu ƙarƙashin shimfiɗar, yatsunsa na nutsewa har gaɓa biyu cikin baƙar ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Saura damina ɗaya, kuma ya san ita ce za ta yi magana.

Sai ga zazzaɓi ana tsakiyar bazara. Taifot ne, likita ya ce, kuma ya kama shi da kyau. Mako uku Tanimu yana kwance a ɗaki, zafin rana na dukan kwano, Nana na goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Bai san safe ba bai san yamma ba. Gadon yakan zama gona, ya ji kansa kwance an lulluɓe shi da ganye, ana ta yin aiki a hankali cikin ƙashinsa. Wani lokaci mahaifinsu yakan shigo da fartanya a kafaɗa, ya zauna a bakin gado, ya murza ƙasa a tafin hannu ya nuna masa. Khamis ma yana zuwa, shi kam da gaske, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda ƙaninsa ya zube ya zama ƙashi da fata. Rannan Nana ta gan shi ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Ranar da Tanimu ya fara iya zama ya sha kunu da kansa, bayan azahar, sai ga Khamis da mota. Ya sha farar shadda, babbar riga har ƙasa, fuskar nan sai walƙiya take yi.

"Tashi mu je, ƙanena. Akwai abin da zan nuna maka."

"Yaya, bai yi ƙwari ba fa," in ji Nana.

"Abin da zai gani shi ne maganin. Riƙe shi mu sa shi a mota."

Sun bar gari, sun kama hanyar Izom, Tanimu ya jingina kai da gilashi yana kallon gabas inda sama ta fara haɗe rai. Tun daga nesa ya jiyo kiɗan ganga. Sannan ya ji wari. Ya san warin, duk ɗan manomi ya san shi, amma ya ce wa ransa gonar wani ce.

Gayya aka yi masa. Mutum ya fi talatin, manoman yankin kakaf, Tanko a gaba da manjagara a hannu, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Tun hantsi suke aiki. Sun tattara kara da ganye da buntu da duk abin da amalanke ya kawo a shekara biyu, sun tara tsibi-tsibi sun cinna wuta. Sun sare tohon kalgo da na ɗorawa har ƙasa. Sun bi da manjagara sun kankare gonar tas, tun daga bakin hanya har bakin kwazazzabo. Toka na kwance, hayaƙi na tashi siriri nan da can. Ga manyan tukwanen tuwo da aka kawo daga gidan Khamis a gindin ɗorawa. Da suka ga an fito da shi daga mota, makaɗi ya ƙara wuta, aka ɗauki sowa.

Khamis ya dafa kafaɗarsa, ya ce:

"Na kwana biyu ina tunani. Na ce wannan bawan Allah ya kashe kansa a kan gonar nan, ƙarfinsa bai kai ya share ta ba, ga ciwo, ga damina ta ƙaraso, ni kuma ina zaune a shago ina jiran ya gaza. Na ji kunyar kaina. Na gaya wa Onwuka ya nemi wani wuri, gonar Baba ba ta sayarwa ba ce, ko bana ko baɗi. Ga ta nan mun gyara maka. Shuka kawai za ka yi."

Me mutum zai ce? Mutum talatin sun bar nasu aikin sun zo sun ƙone bayansu a rana saboda shi, ba wanda ya nemi ko sisi. Yayan da bai taɓa ce masa sannu ba yau ga shi yana riƙe da shi kamar zai faɗi. Baƙin ciki ya lulluɓe Tanimu, ga kuma son ɗan'uwansa da bai taɓa jin irinsa ba, duka biyun a lokaci guda. Hawaye suka zubo masa.

"Na gode, Yaya," ya ce. "Jama'a, na gode. Allah ya saka da alheri."

"Kukan daɗi yake yi!" in ji Tanko, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Haba Malam Tanimu, ai ɗan'uwa rabin jiki ne."

Ba a gama cin tuwo ba iska ta taso. Hadarin da ke gabas ya haɗu ya yi baƙi, aka yi tsawa ɗaya, ruwan fari ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. 'Yan gayya suka kwashi kayan aiki suka ruga wata bukka da ke gonar Tanko. Khamis ya ja hannun ƙaninsa su koma mota, Tanimu ya ƙi motsi. Yana tsaye yana kallon yadda ruwa ke dukan ƙasar kai tsaye, ba abin da ya tare shi, yana fasa ta, yana tara ta cikin 'yan ƙoramu da suka kama hanyar gangare.

Khamis ya bi inda yake kallo. Shi ma a gonar nan ya tashi, kuma tun yana saurayi jan ruwa ya san tana zubarwa. Wannan kuwa baƙi ne. Ya ɗauka toka ce. Ya sunkuya ya tara hannu a cikin ƙoramar da ke bi ta gaban takalminsa, ya ɗago, ya murza. Toka ba ta da wannan nauyin. Abin ya manne masa a yatsu, mai laushi, mai danƙo, har da wata tana da ke mutsu-mutsu a ciki. Ya kai hanci. Rabonsa da wannan ƙamshin tun yana biye da mahaifinsu da butar ruwa.

"Tanimu, wannan baƙar ƙasar daga ina?"

"Tamu ce, Yaya. Ita nake yi tun shekara biyu. Abin da kuka ƙone shi ke riƙe da ita."

Khamis ya dubi hannunsa, ya dubi gonar da ya sa aka share, ya dubi baƙin ruwan da ke malala yana faɗawa kwazazzabo. Sai ya kama wuyan babbar rigarsa ya tuɓe ta, ya ruga gangare yana santsi, dattijo mai shekara sittin da biyar. Ya durƙusa a bakin kwazazzabon, ya shimfiɗa farar shaddar a kan hanyar ruwan, ya danne gefe ɗaya da gwiwa, ɗaya gefen da hannu biyu. Ruwan ya cika rigar, ya kewaye ta ta dama da hagu ya ci gaba da wucewa.

"Tanko!" yake kira cikin ruwan, muryarsa ta dushe. "Ku fito! Ku kawo duwatsu, ku kawo kara, ku kawo ko mene ne!"

Tanko ya leƙo daga bukka, ya ɗaga murya ya amsa masa.

"Alhaji, wane kara? Ai ba mu bar ko ɗaya ba."